Taurari Biyar a Kan Ƙirjina

Zuwa ga ƙanwata Barkono,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Injiniya da yara. Mu nan lafiya lau, ban da ruwan sama da ya cinye mana hanya, da 'yan matan makarantar nan da ba su gajiya da ƙorafin abinci. Kin san ba na iya maganar sirri ta waya. Sai na hau bayan tankin ruwa kafin a ji muryata, kuma duk abin da na faɗa a can sai ya riga ni isa ɗakin malamai. Shi ya sa na ba direban motar kayan abincinmu wannan takarda.

Abin da ya same ki bara ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ina wanka na ji ƙullutu a nonon hagu. An yi hoto, an ɗebi tsoka, sakamako ya fito, ciwon daji ne. Kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, ga gadon da suka bar mana. Likita ya ce a cire nonon, kuma ba a ja lokaci. Ya ce idan ina so, a aiki ɗaya za a cire a kuma gina mini wani, kamar yadda aka yi miki.

Ban yi barci ba sai da babbar 'yata ta buɗe mini shafin asibitin da kika kwanta, inda marasa lafiya ke rubuta ra'ayinsu. Muna cikin karantawa sai ga hotonki, ga taurari biyar reras, ga abin da kika rubuta: "Alhamdulillahi, na dawo yadda nake, har ma na fi da. Ba wanda zai gane an yi mini aiki. Maigidana ya yi farin ciki matuƙa. Ina ba kowace mace shawara ta zo nan."

Wallahi sai da na yi hawaye. Na ce in dai Barkono ta yabi abu, wadda ko ruwan sha sai ta samo masa aibi, to abin ya kai. Can zan je, har sun ba ni rana.

Amma ina da ƙorafi. Sau nawa na tambaye ki jiki, ki ce mini "da sauƙi" ki canja magana? Ashe duniya kika ajiye wa labarin, ni kika bar ni da "da sauƙi". Allah ya shirye ki.

Yayarki.

*

Yaya,

Na sami takardarki, na karanta a tsaye a bakin ƙofa, sannan na nemi kujera. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Yara lafiya. Injiniya ma lafiyarsa ƙalau, har ta yi masa yawa, kamar yadda za ki ji.

Ban rubuta wannan abu ba. Ban ma san yana nan ba sai da kika faɗa. Ke da kika san ni tun ina yawo ba ɗankwali, yaushe kika taɓa jin na ce "matuƙa"?

Da Injiniya ya dawo daga aiki na bari ya ci abinci, don kada a ce na yi wa mai yunwa shari'a. Sannan na miƙa masa wayata na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe na fi da?"

Ya karanta, ya sosa ƙeya, ya ce, "Au, wannan? Ai ranar da aka sallame ki ne. Matar nan ta teburin karɓar baƙi ta shigo da ledar magani, ta ce a taimaka a rubuta musu ɗan wani abu. Ke kina gyangyaɗi, ita ta tsaya mini a kai. Mutanen nan sun yi ƙoƙari, ya za a yi in ce a'a?"

Na ce, "Da wayata?"

Ya ce, "Ta ce ta marar lafiya ake so."

Na ce, "To, ba wanda zai gane an yi aiki. Kai ka duba ne?"

Sai ya tuna bai kulle mota ba.

Bai duba ba, Yaya. Har yau bai duba ba. Idan zan canja riga sai ya juya yana nazarin bango, wai don kada in ji nauyi. Mutumin da ya shaida wa duniya cewa ba a ganewa, shi kansa jiyau ne.

Kin san aikina, ƙididdiga nake koyarwa, kullum ina gaya wa ɗalibai su tambayi wa aka tambaya, kuma yaushe. To na zauna na karance shafin nan kaf, na ga yadda ake yi. Ranar sallama ake zuwa, kina naɗe cikin bandeji kamar saƙo, robar fitar da ruwa tana lilo a gefenki, maganin kashe zafi ya sa kina ƙaunar kowa har da fanka. A ranar ake tambayarki ko kin gamsu da abin da ko ganinsa ba ki yi ba. Kamar a tambayi mai sayen gida ko rufin yana yoyo tun damina ba ta faɗi ba.

Ga abin da taurarin suke yabo. "Wurin ajiye mota wadatacce ne." "Nas ɗin ɗakinmu akwai fara'a." "Shayinsu da zafinsa yake zuwa." Na sami wata da ta ba da tauraro ɗaya, na ce yauwa, ga 'yar'uwa, ashe lif ne ya lalace ta hau bene da ƙafa. Ana yanke wa mata nono, jama'a na ba lif maki. Na maza kuwa ba sa ɓuya. Akwai wanda ya rubuta, da sunan matarsa, "Aiki ya yi kyau kamar daga kamfani." A saman shafin an jera hotunan kafin aiki da bayan aiki, ƙiraza zalla, an yanke kawunan. Na gane dalili. Kai shi ne yake da baki.

Tunda kin ce na bar ki da "da sauƙi", ga cikon. A cikin riga abin ba laifi, ko telata ta yaba. A waje da riga, wani abu ne zagayayye da ya zauna sama da ɗan'uwansa kamar yana jin ya fi shi ilimi. Wancan yana motsi idan na motsa, wannan yana tsaye kamar soja. Da safe sanyi gare shi. Ban iya kwanciya ta gefen nan. Idan na ɗaga hannu in rubuta a saman allo sai in ji kamar an ɗaure ni da bel ta ciki. Babban abin kuma, ba ya ji. Ko kaɗan. Kwanaki shayi ya zubo mini ina duba takardun jarrabawa, ban sani ba sai da na cire riga na ga fata ta tashi. Autana ya kwantar da kansa a wurin, na ga kansa da idona amma jikina bai san ya zo ba. Wannan ba ya cikin shafin. Ba wanda ya rubuta shi, don ranar da za ki gane, ba mai zuwa da ledar magani ya tambaye ki.

Da na san abin da zan farka in tarar, da sai an ɗaure ni kafin in hau teburin nan.

Ki yi haƙuri da tsawon takarda. Haushi ne, kuma ba ki da laifi a ciki. Ki gaida 'yar tawa, ki ce ta rage yarda da taurari.

Barkono.

*

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Jiki da sauƙi, kin ga ni ma na koya.

Na karanta takardarki sau uku, na ƙona ta don kada yarinyar nan ta gani. Na gode da kika gaya mini gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tunda ke da kika hau teburin kin ce da kin sani da sai an ɗaure ki, ni me zai kai ni da ƙafata? Na hau bayan tanki na kira su na ce su ba wani ranar.

Ƙullutun ba ya ciwo. Ina cin abinci, ina zagaya azuzuwa, ba wanda ya san komai. Malamarmu ta lissafi ta kawo mini wani magani na sha da na shafawa, ta ce ya narkar wa wata ƙawarta da irinsa. Zan gwada har a gama jarrabawar ƙarshen shekara, sannan in ga abin da Allah zai yi. In an ce dole a yanka, a lokacin sai a yi magana.

Kada ki yi wa Injiniya faɗa da yawa. Namiji ne, ya ga an tsaya masa a kai.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaishe ki don an ce a fara da gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau. Taki ce ba ƙalau ba, ko ƙullutu yana ciwo ko ba ya yi.

Kin soke ranar? Ke da kike korar yarinya gida idan ta amsa tambayar da ba a yi mata ba, ke ce kika karanta takarda sau uku kika ɗauko layi ɗaya kika rataya ranki a kai? Na kira ki har wayata ta yi zafi, ba ta shiga. Don haka ki buɗe ido, zan rubuta da baƙaƙen da ba su da kwana.

Aiki biyu aka yi mini a kan teburin nan. Na farko, an cire abin da zai kashe ni. Wannan ko gobe aka ce in sake hawa, da gudu zan je, ba takalmi. Shi ya sa 'ya'yana suke da uwar da za ta yi musu masifa yau. Na biyu, an gina mini wani abu aka ce zan dawo yadda nake. A kan wannan nake faɗa, kuma ko shi ba ginin ne ya fi ci mini rai ba, alƙawarin ne, da kuma bakina da aka ara aka yi godiya da shi ina barci. Nawa ma bai yi ciwo ba, Yaya. Ba ya ciwo sai ya gama shiri. Malamar lissafinku ta tsaya a lissafi. Ki tambaye ta ƙawar tata, an ɗebi tsokarta an auna, ko dai maruru ne ya fashe aka yi ta murna?

Na je asibitin da kaina. Matar teburin ta tarbe ni da murmushin nan da ake ba taurari. Na ce na zo a goge ƙaryar da aka rubuta da sunana. Ta ce, "Hajiya, ai mu ba ma taɓa ra'ayin marasa lafiya." Na ce, "Haka ne, tsayawa kawai kuke a kansa har ya nuna." Na ga likitan ma. Na tambaye shi me ya sa bai gaya mini ba zan riƙa ji ba. Ya ce ya faɗa. Wataƙila ya faɗa ɗin, a ranar da ya ce mini ciwon daji ne. A ranar nan ko cewa ya yi rigata ta kama da wuta ba zan ji ba. Hannunsa na da kyau, ban ɗauke masa wannan ba. Bakinsa ne yake sauri, kamar mai tsoron kada ki yi tambaya ta biyu.

Da na dawo gida na goge na Injiniya na rubuta nawa: sanyin, da taurin, da shayin, da kuma cewa ina raye. Wuƙarsu ta ci biyar, bayaninsu ya ci ɗaya, shafin kuma ba ya yarda a raba, sai na ba da uku. In ɗalibina ya haɗa mini abu biyu da ba su haɗu ba haka, sai na kayar da shi. Asibitin suka amsa a ƙasa: "Muna godiya da ra'ayinki mai daraja, gamsuwarki ita ce burinmu." Kalma da kalma abin da suka rubuta wa mai lif.

Kafin rana ta faɗi yayar Injiniya ta kira. "Yanzu ke da iliminki ki buɗe ƙirjinki a kasuwa? Me mutane za su ce da ƙanena?" Na ce, "Anti, ƙanenki ne ya kai shi kasuwar, ni bayanin kayan na gyara." Ta kashe waya. Shi kuwa gogan kwana biyu ke nan yana gaishe ni kamar maƙwabciya.

Wasu mata sun rubuto mini ta bayan fage. Ɗaya ta ce ta zaci ita kaɗai ce ba ta ji, har ta fara zargin kanta da rashin godiya. Wata kuma ta ce ƙarya nake, nata ya yi mata daidai, ba ta taɓa nadama ba. Na yarda da su duka biyun. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki zauna kina shafa mai a kan wuta.

Ki hau bayan tankin nan yau, ko duk malaman duniya za su ji, ki karɓo wata ranar. A cire. Maganar gini ki ce a yi, ko a bari, ko a jinkirta, wannan naki ne. Cirewar ba ta jiran jarrabawa.

Barkono.

*

Yaya,

Sallama. Muna lafiya.

Direbanku ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa ba komai. Na tambaye shi ko ya ba ki takardata, ya rantse ya ba ki a hannu, har kin ce masa "to". Na san wannan "to" ɗin. Da ita kike sallamar iyayen yara idan kin riga kin yanke hukunci.

Ban gaya wa 'yarki komai ba, don ba ni da izini. Amma ki sani haƙurina gajere ne, kin kuwa san wanda ya raɗa mini suna bai yi ƙarya ba.

Na roƙi abokin aikina ya riƙe mini azuzuwana. Motar kayan abincinku zan biyo, in zauna tsakanin buhuna in ya kama. Kin karanta ƙaryar da aka yi da sunana kin yarda, kin karanta gaskiyata kin firgita. Rubutu ya gaza ke nan. Ki sa a share ofishinki, ki nemo makullin ƙofar, ki sallami sakatariya. Zan cire riga ki gani da idonki, ki taɓa da hannunki, ki tambayi duk abin da kika ga dama. Bayan likita ke ce ta farko. Daga nan in kin ce man shafawa za ki ci gaba da shi, sai in san da wa nake magana.

Barkono.

*

Ƙanwata Barkono,

Ina fatan kin isa gida lafiya, kuma ƙurar buhuna ta fita daga kayanki. 'Yan matan nan har yau suna tambaya wace ce baƙuwar da ta sa shugabar makaranta ta kulle ofis da rana tsaka. Malamar lissafi kuwa tun kallon da kika yi mata ba ta sake shigowa ɗakin shan shayi ba. Ba ki kyauta ba, da zuciya ɗaya ta kawo.

Ban amsa takardunki ba don tsoro nake ji, kuma ban saba a gan ni ina jin tsoro ba. Takardarki ta farko ba ita ta hana ni ba, ƙofa kawai ta buɗe mini na bi. Da ba ki rubuta ba ma da na samo wata.

Yanzu ki zauna, don na san za ki tashi tsaye. Na je na ga likitan, sun ba ni rana a makon gobe. Za a cire. Kuma na ce a gina.

Na ji ki daga nan. Ki bari in gama. A ofishina kin tsaya kina nuna mini aibinsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba gini, nan ya hau, nan ya ja, nan ba ya ji. Duk na gani, na taɓa, ba ki ƙara gishiri ba. Amma ni abin da na gani shi ne mace tsaye a gabana, ta hau motar kaya ta keto daji, tana da ƙarfin zagina. Da kika mayar da riga kuma na duba, na ga rigar ta zauna. Ke kin so a dawo miki da abinki ne, shi ya sa kike jin an cuce ki, kuma an cuce ki ɗin. Ni na riga na yi bankwana da nawa. Kowace safiya ina tsayawa gaban yara masu idon shaho, waɗanda ko ɗankunne na canja sai sun yi taro a kai. Abin da zai riƙe mini riga nake nema, in yi musu faɗan makara ba tare da suna kallon gefe ɗaya ba. In ba ya ji, na sani tun yanzu. Ba wanda zai ba ni mamaki.

Da kin ga yadda na yi da likitan naki. Ya fara sauri na ce, "Likita, ni malama ce, idan ban gane ba ba a tashi daga aji." Na tambaye shi sanyin, na tambaye shi taurin, na tambaye shi in jikina ya ƙi robar da za a saka a gina nonon me za a yi, da wa zan kira in abu ya faru bayan wata shida. Ya amsa duka, har ya ajiye biro ya gyara zama. Da zan fita ya ce, "Hajiya, wa ya shirya ki haka?" Na ce wata mai taurari uku. Ya ce in gaishe ki.

Na gaya wa 'yata komai jiya. Ta yi kuka, ta yi fushi, yanzu tana haɗa jaka. Amma ita idan ta ga jini sai ta faɗi, kuma ban son in farka in tarar ana yi wa mai jinya fifita. Ke nake so. Ki zo tun da safe, ki zauna ta wajen ƙafata. Ki sami abin da za ki kushe, labule ne, ko nas, ko yadda aka ɗaura mini ruwa, ba za ki rasa ba. Ki ɗaga murya sosai. Idan na fara farfaɗowa na ji kina masifa, sai in san ban mutu ba.

Yayarki.